Kwalayen da Hajiya Uwani Ba Ta Saya Ba

Wata mace ce cikin farar riga, ta sunkuya ta riƙe bakin zaki da hannu biyu kamar uwa mai duba wa ɗanta haƙori. Hoton duka bai fi tafin hannuna ba. Yana jingine cikin gilashin shagon ranar da na fara aiki, a shekarar 2016, na tsaya ina kallonsa har na manta da jakar da ke kafaɗata. Ni da na tashi a Zariya ina hayar littattafan soyayya a teburin bakin kasuwa, nan take na haɗa musu labari: zakin nan wani attajiri ne mai zafin rai da kowa ke shakka, ita kuwa ita kaɗai ce in ta ce masa ya isa sai ya sunkuyar da kai. Ban kai ga ɗaurin auren ba Marisel ta dafa ni, ta nuna min tulin kwalaye a bayan ƙofa, ta ce yalla, wato maza a kama aiki.

Marisel 'yar Filifin ce, ta riga ni a shagon, ita ta koya min aikin. Ate nake ce mata, wato yaya a yarensu. Mai shagon wata 'yar Sin ce da muke kira Madam. Ba ta cika zama ba, amma ta kafa kyamara a saman kanta, tana kallonmu ta wayarta duk inda take. Shagon yana cikin babbar kasuwar 'yan Sin ta unguwar International City a Dubai, inda za ki yini kina tafiya ba ki ga ƙarshenta ba. Muna sayar da kyandir mai ƙamshi, da turaren tsinke, da duwatsu masu launi, da kuma katin nan da Turawa ke kira tarot. Fakiti ɗaya kati saba'in da takwas ne, kowanne da hotonsa, kuma a wasu ƙasashe da shi ake duba.

To ku 'yan matan da kuke turo min saƙo kuna cewa Anti Rifkatu a nema mana aikin shago a Dubai, ai tsayuwa ce kawai cikin esi ana murmushi, ku gyara zama. Murmushin gaskiya ne, esin ma gaskiya ne. Sauran shi ne ba a ɗauka a hoto.

Darasina na farko ba na ciniki ba ne, na tsira da mutunci ne. Dokar ƙasar ba ta wasa da maganar duba da sihiri, mu kuma lasisin sayar da kayan kyauta ke gare mu. Don haka Marisel ta ba ni ƙa'ida biyu tun kafin ta nuna min inda ake ajiye canji. Ta farko, kati ba ya kifewa a kan kanta. Kati a buɗe ciniki ne, hoto kike nuna wa mai saye kamar yadda mai atamfa ke buɗe turmi. Kati a kife, wanda mutum zai zaɓa bai san abin da ke ciki ba, wannan duba ne. Ta biyu, kalmar gobe ba ta fita daga bakinki. Ki faɗi abin da ke cikin hoto, ki tsaya nan. Ni ƙa'idar ta yi min daɗi, don ko a gida, da fastonmu zai ji an ce 'yar Malam Yohanna ta zama boka a ƙasar waje, da mahaifiyata ba ta sake zama a bencin gaba ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Baƙin ƙyallen karan-miski da nake shimfiɗawa don launi ya fito, da fakitin gwaji wanda kowane kati ke cikin ledarsa saboda maiƙon hannu, da ɗan madubin ƙara girma mai mariƙin katako. In kwantena ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali kaya suka iso, sai mu zauna a ƙasa mu riƙa buɗe fakiti nan da can muna dubawa, don danshin teku yana manne katin, wani lokacin kuma ki tarar da katin Rana biyu babu na Wata. Kowane fakiti yana da ɗan littafin bayani, da irin Turancin da ko Bature sai ya nemi tafinta.

Madubin nan shi ke sayar da kaya. Masu zana katin suna ɓoye ƙananan dabbobi a lungu: dodon koɗi a ƙarƙashin ƙafar wata attajira da ke tsaye a lambunta, zomo a gefen kujerar wata sarauniya, ƙadangare a gindin karagar wani sarki, baƙar mage zaune gaban wata sarauniyar tana kallonki ido cikin ido. Mutum zai wuce sarki bai waiwaya ba. Amma ki ɗora masa madubi a kan ƙadangaren da bai gani ba, sai ya tsaya, wanda ya tsaya kuwa ya kusa sa hannu a aljihu.

Wata Balarabiya 'yar ƙasa ce ta fara nuna min cewa dabba ba ta da suna ɗaya a duniya. Ta ɗauki katin attajirar lambun, ta tambaye ni tsuntsun da ke zaune a hannunta. Na duba na ga shaho ne, na ce mata da iyakar gaskiyata ɓarawon 'yan tsaki ne, a garinmu in ya yi shawagi mata ihu suke yi suna jifansa da murfin tukunya. Marisel ta taka min ƙafa har sai da na ji a haƙorina. Bayan matar ta fita na ji cewa a nan shaho yana da asibitinsa, yana da fasfo, yana shiga jirgi ya zauna kusa da ubangidansa. Daga ranar na koyi tambaya kafin bayani: a garinku me ake cewa da wannan?

Tambayar nan ta ciyar da ni shekara huɗu da wani abu. Baturiya ta ga mujiya ta ce hikima ce. Ba'indiye ya gan ta ya tuntsire da dariya, ya ce a wurinsu haka ake zagin wawa. Ni kuwa na san in ta yi kuka a kan rufin ɗaki a unguwarmu babu mai sake yin barci. Akwai katin wani saurayi da ke tafiya yana kallon sama ya kusa faɗawa rami, ɗan farin kare yana ɗale masa ƙafa. Turawa suna cewa amini ne mai gargaɗi. Wani ɗan Katsina mai ɗaure kaya a kago, wurin masu aika wa 'yan sari kaya gida, ya kalla ya ce shi dai abin da ya gani wanki ne ya kama mai wandon. Ga kuma wata halitta mai ƙafafu da ke fitowa daga ruwa a katin Wata. Duk ɗan Arewan da ya gan ta kunama yake cewa. Marisel ta ce ai dangin ƙaguwa ce, a gidansu da shinkafa ake cin ta.

Inda aikin ke da wuya shi ne in mutum ya shigo da damuwarsa, don ba hoto ya zo saye ba. Na tuna wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kenya, ta zo da idanu a kumbure, tana da shugaba a asibiti mai masifa, ta roƙe ni in duba mata ko za a canza mata sashe. Na ce ba na sayar da wannan. Na fito da katin mai zakin a buɗe, na ɗora madubi a kan hannayen matar. Na ce ta duba da kyau, babu sanda, babu igiya, kuma ba ta ruga ba, ta dai san inda haƙora suke ta sa hannu inda babu su. Ta daɗe tana kallo, ta saya. Bayan watanni ta dawo sayen kyandir, ta ce zakin yana nan a zakinsa, amma yanzu ta gane ba a kai masa magana sai ya sha shayi.

Maza kuwa, duk wanda ya shigo da ƙamshin turare sai in ba shi masoyiya a raina. Wani injiniya dogo mai aiki a tashar jiragen ruwa ya sayi fakiti, na naɗe masa da jan zare har da kulli mai siffar fure, ina tunanin wadda za ta buɗe ta yi hawaye. Ya ce na gode, surukarsa ce ta aiko.

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe kasuwa, muka zauna a fulat mu shida muna kallon juna da tukunyar taliya. Da aka buɗe, kowa da takunkumi, ba a ganin murmushin da kuke magana. Ba a yarda mai saye ya taɓa kaya ba, in ya taɓa sai an fesa, fakitin gwajina ya sha sanitaiza har katin ya lanƙwashe kamar ganyen da rana ta daka. Layinmu shago bayan shago aka ja ƙofa aka manna takarda. Madam ta zo da kanta ta zaunar da mu, ta ce ba za ta iya sabunta biza biyu ba, ɗaya za ta riƙe, kuma wadda ta fi ciniki kafin ƙarshen shekara ita ce. Marisel tana da 'ya'ya biyu a makaranta can gida. Ni ina da ƙanne da mahaifiya. Muka ci gaba da cin abincin rana a kwano ɗaya, amma kowacce ta san abin da ke tsakani.

A cikin watannin nan ne, bayan jirage sun dawo tashi daga Nijeriya, wata mata mai jiki ta shigo tana tambayar jakunkunan makaranta da Larabcin da bai wuce kalma uku ba. Daga ɗaurin mayafin na gane Bakanuwa ce. Na ce sannu da zuwa, Hajiya. Ta ja takunkumi ƙasa ta ƙare min kallo, ta tambayi 'yar ina ce, na ce Zariya.

"Bazazzagiya a shagon 'yan Sin," in ji ta. "Lallai Allah ya jiƙan jarinsu."

Na ce ai saboda Kanawa aka ɗauke ni, don wani ya riƙa ƙirga kaya bayan sun fita. Ta yi dariya har sai da ta dafa kanta, ta ja kujerar Marisel ta zauna ba tare da an ba ta ba. Hajiya Uwani ke nan, mai sarin kayan yara, ta sauka a wani ƙaramin otal a unguwar Al Buteen. 'Yarta tana da makarantar nazare, ita kuma tana kai wa wasu makarantun kaya.

A lokacin muna da wani sabon kati da ya ƙi fita, kwalaye jibge har rufi. Shi babu mutum ko ɗaya a ciki, dabbobi ne zalla, an zana su kyawawa da manyan idanu. Idon Hajiya ya faɗa kansa. Ta ce yauwa, ga abin da 'yarta ke nema, katin koya wa yara sunayen dabbobi. Kafin in buɗe baki ta ce in shimfiɗa mata.

Na shimfiɗa, a buɗe. Tsohon hali ya motsa, na tambaye ta me ake cewa da wannan a Kano. Ashe na taɓo inda ke mata ƙaiƙayi. Na nuna barewa, ta ce ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na nuna zomo, ta ce ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na nuna ungulu, ta ce ba ta jewar banza, kuma ta san wani dillali a kasuwarsu mai irin wannan wuyan. Ban taɓa jin daɗin ciniki kamar na ranar ba. Sai ta ɗaga kai ta dubi tulin kwalayen, ta ce duka za ta kwashe, a kira mata ɗan kago.

Marisel ba ta jin Hausa, amma ta ga inda yatsan Hajiya ya nuna. Ta san abin da cinikin nan yake nufi a gare ta. Duk da haka ita ta ɗauko kalkuleta ta ajiye a gabana, ta koma gefe tana gyara kyandir da ba su karkace ba.

Na ce a raina ai Hajiya ba ta tambaya ba. Hotunan dabbobi ne, babu tsiraici, yara za su koyi zomo da barewa. Amma a ƙarƙashin ungulun nan an rubuta Mutuwa da Turanci, a ƙarƙashin bunsuru an rubuta Shaiɗan, kuma cikin kowane fakiti ga ɗan littafin da ke koyar da yadda ake jera su don duba. Malamar aji ɗaya mai karanta Turanci ta isa. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa cewa Hajiya Uwani ta shigo da kayan bokaye ta raba wa 'ya'yan mutane, makarantar 'yarta kuwa sai dai a mai da ita wurin ajiyar buhuna.

Na ce mata katin ba na yara ba ne. Ta ce Zagezagi da wayo, wato na ga tana so zan ƙara mata kuɗi. Na ce Turawa duba suke yi da shi. Ta ce in raba ta da zancen banza, mutanen da suka ƙera jirgin sama me za su yi da duba. Ta riga ta ciro waya tana neman lambar ɗan kago.

Sai na tattara kati uku, na kife su a kan baƙin ƙyallen, a jere.

"Hajiya, zaɓi ɗaya."

Ta miƙo hannu. Yatsunta sun kusa taɓawa sai suka tsaya a sama. Ta dubi bayan katin, ta dube ni, ta janye hannun a hankali kamar wadda ta ga maciji a kwandon wanki.

"A'uzu billahi. Wannan ai wuri ne, irin wanda bokaye ke watsawa."

"Wuri ne, Hajiya. Na takarda."

Ta jawo robar sanitaizarmu ta wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala. Ba ta gama ba wayar shago ta yi ƙara. Marisel ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba.

Madam ba ta ɗaga murya ba, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba. Ta ce ciniki yakan zo ya wuce, wannan tana iya mantawa. Amma kati a kife a kan kantarta, ƙarƙashin kyamararta, a gaban baƙuwar da ba ta sani ba, abu ne da zai iya sa a rufe mata shago a kai mu duka inda ba ma so. Na yi ƙoƙarin bayani, ta ce ta yarda da ni, sai dai kyamara ba ta jin Hausa. Khalas, in ji Larabawa, an gama magana. Zan ƙarasa watan, biza kuwa ta Marisel ce.

Hajiya ta karanta komai a fuskata. Ba ta ce sannu ba. Ta karɓi lambata, ta ce in same ta Al Buteen ranar hutuna, akwai mai tuwo a bayan otal ɗinsu. Na shiga bas na je. Muna cin tuwon ta wanke ni tas, ta ce wa ya aike ni, ba sai in raɗa mata a kunne ba, ko in bi ta waje. Na ce na faɗa mata sau biyu ai. Ta ce to in Bakano ya ga riba kunnensa toshewa yake, wannan kowa ya sani, laifina ne da ban san haka ba. Sai ta suɗe hannu ta ce ita dai har yanzu tana son kati. Tana son kura da bushiya da kunkuru da hankaka, namu na gida, da karin magana a bayan kowanne. A Kano akwai masu zane, akwai masu ɗab'i. Abin da ba ta da shi mai zaman da zai dubi dabba ya ba yaro labarinta.

A farkon 2021 na dawo gida. Marisel ce ta raka ni da akwati har bakin tasi, tana ta min faɗa a kan nauyin littattafan da na cusa a ciki. Yanzu aikina ke nan, ni ke rubuta bayan katin, Hajiya ke tacewa. Rigimarmu ɗaya ce kullum. Na taɓa rubuta mata yadda kunkuru ya yi shekaru yana bin wata barewa a hankali har ta gane shi ne mai son ta da gaskiya. Ta dawo min da takardar ta ce yaran nazare ne, in daina aurar mata da dabbobi.

Ƙafa ta fara damun Hajiya, ta daina zuwa Dubai, ta bar wa 'yarta sari. Tana zaune a shagonta a kan kujera mai laushi, katin a jere a gabanta, tana yi wa masu saye tsiya. Kwanan baya ta kira ni tana dariya har tana tari. Wai wata mata ce ta shigo, ta jira shago ya yi shiru, ta matso ta rage murya, ta ce ta ji an ce katin Hajiya daga Dubai aka samo sirrinsa, don Allah ta ciro mata ɗaya ta ga ko mijinta zai dawo daga tafiyar da ya yi.

Na tambaye ta me ta ce mata.

Ta ce ta ba ta kujera da ruwan sanyi, ta saurare ta har ta gama, ta ba ta lambar wani ɗan'uwanta direba mai bin hanyar da mijin ya bi, a tambaya. Da matar ta sake matsawa a kan katin, sai ta zaro mata na kura ta ce ta juya ta karanta da kanta. In kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

"Na ce mata, 'yar nan, dube ni da kyau. Da na san gobe, ni ce zan biya kuɗin jirgi har Dubai in je sarin kayan boka?"